Opinel lamba 8 ko Victorinox Tinker, wacce zan dinga sawa a aljihu?

Mai_Sola_Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe wuƙaƙen nan guda biyu a hannunsu suka yi aiki da su, don bidiyo kam na kalla har na gaji kuma kowa tasa yake yabo.

Yayana yana karatu a Faransa zai zo hutu ƙarshen wata, yace in zaɓi wuƙar aljihu mai ninkewa guda ɗaya zai riƙo min tsaraba. Na tsaya akan guda biyu, Opinel lamba 8 mai ƙotar katako ɗin nan da kuma Victorinox Tinker, jar nan ta Suwizalan mai sukundireba a bayanta. Ɗaya yace, kuma bana son in ɗora masa nauyi tunda ɗalibi ne.

Ga yadda aikina yake don ku gane abinda nake buƙata. Sana'ata haɗa sola ce da wayarin na gidaje, kullum akwai buɗe kwalin fanel da na inbata, yanke robar da ake ɗaure kwali da ita, fere bakin waya, yanke tef, wani lokacin kana saman kwano ka bar akwatin kayan aiki a ƙasa kuma ɗan sukuru ɗaya ne kacal ya tsaya maka sai ka sauko ka sake hawa. Yanzu reza nake amfani da ita da wuƙar kwali mai karyewa ɗin nan, duk basa jimawa. Asabar da Lahadi kuma ina zuwa gonar mahaifinmu ta wajen Kura, can kuma wani aikin ne daban, igiya, bakin buhu, tiyon ban ruwa, rake, kankana, in an zauna cin abinci a yanka albasa da tumatir.

Abinda ke ja na wajen Opinel shine ance kaifinta ba wasa kuma tana da zoben da ke kulle ta bata ninkewa a yatsa, amma wuƙa ce zalla babu komai a jikinta, kuma naji ance katakon yana kumbura da damina har ta ƙi buɗuwa. Ita kuma Tinker kayan aiki ne da yawa a wuri ɗaya amma wuƙar ƙarama ce kuma bata kulluwa, wannan ɗin yana bani tsoro gaskiya.

Sai abu na uku wanda duk ɗan Kano ya sani, yanayin da ake ciki na 'yan daba da ƙwacen waya, a tare ka da daddare a laluba aljihu a ga wuƙa ba ƙaramin abu bane ko da kai mai sana'a ne. To wacce zan ce ya kawo? Allah ya saka da alheri.

Ɗan_Maraɗi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni Opinel nike riƙe tun ina saurayi, kuma in batun yanka ne zalla babu ma abin tattaunawa, Opinel ta fi. Dalili ba wani sirri bane, ruwanta siriri ne sosai, shi yasa take shigewa cikin abu ba tare da ta tsaga shi ba, ka yanka albasa ko tumatir da ita kaga yanka mai kyau kamar da wuƙar girki, igiya kuwa ja ɗaya ne. Tsawon ruwan lamba 8 santimita 8 da rabi ne, in ka ninke ta wajen santimita 11, nauyinta bai kai giram 50 ba, wallahi mantawa kake tana aljihu. Kuma ƙotar zagayayya ce ta cika hannu, zaka yi awa kana feren rake ko sassaƙa turke hannunka bai yi maka zafi ba, wanga abu ƙaramar wuƙa mai faɗin jiki bata iya baka shi.

Wuƙar tsohuwa ce, tun 1890 wani matashi Joseph Opinel ya fara yin ta a yankin Savoie cikin duwatsun Faransa, ta manoma ce da makiyaya tun asalinta, kuma har yau can Chambéry ake yin ta. Zoben kullewar da kake magana a 1955 aka ƙara mata shi, daga baya wajen 2000 suka gyara shi ya zama yana kulle ta ko tana ninke, wato bata buɗewa da kanta cikin aljihu. Gaba ɗayanta abu biyar ne, ruwa, ƙota, ƙusa, zoben da ke zaune da zoben da ke juyawa. Babu sifirin, babu abinda zai lalace da maƙerin unguwa zai kasa gyara maka.

Batun kumburi gaskiya ne ba sharri aka yi mata ba. Katako ne, in ya sha ruwa ko iska ta yi laima cikin watan Agusta sai ya matse ruwan wuƙar farce ya kasa jawo shi. Maganin da su masu ita suke yi shine ka riƙe ta ta wajen zoben ka buga gindin ƙotar bisa katako ko dutse sau ɗaya, tsinin sai ya ɗan leƙo ka kama ka buɗe. Amma mu nan damina wata nawa ce? Mafi yawan shekara rani ne da hunturu, matsalarmu ma akasin haka ce, cikin hunturu katakon yana bushewa ta yi sako-sako, shi yasa nike kulle zoben ko tana ninke. Abinda nike yi in na samu sabuwa, in bar ta ta bushe sarai cikin rana, in ɗan goge cikin tsagar da samfefa, sannan in cusa mata bazilin ko man kaɗe wajen ƙusar ya shiga katakon sosai. Daga nan ruwa baya kama ta da sauri. Kada dai ka jiƙa ta cikin bokiti ko ka bari a wanke maka ita tare da kwanuka, goge ta kawai ake yi.

Sai ka gaya ma yayanka abu ɗaya, iri biyu ce kuma an rubuta a jikin ruwan, akwai Carbone akwai Inox. Carbone baƙin ƙarfe ne, yafi saurin ɗaukar kaifi, amma in ka yanka lemon tsami ko mangwaro ka ninke bata goge ba gobe zaka ga tsatsa, kuma da amfani launinta yana komawa toka-toka, wannan launin ba illa bane yana ma kare ta. Inox bata tsatsa. Ni Carbone gare ni don ita na saba, amma mutumin da ke saman kwano cikin rana gumi na jiƙa mashi aljihu, kuma ga gonar ban ruwa, Inox zan ce mashi.

Af, tunda Faransa shike, ka ji labarin wata da ake kira Douk-Douk. Tsofaffinmu sun san ta, a garin Thiers ake yin ta tun 1929, ƙotarta farantin ƙarfe ne aka ninke, siririya ƙwarai, ta bazu ƙasashen da Faransa ta mulka musamman arewacin Afirka. Asalin tata akwai zanen wani dodo a jiki, sai suka yi wata don ƙasashen Musulmi mai suna El Baraka suka sa mata zanen kuros ɗin Agadas. Ba ina ce ka bar biyun da ka zaɓa ba, amma in akwai ɗan canji bata da tsada.

Mai_Sola_Kano ya rubuta:

Nagode sosai Yaya, wannan bayanin na Carbone da Inox ban san shi ba sam. To shi tsinin nata fa, yana jure ɓanɓare abu, misali marfin akwatin fis ko ƙusar kilif ɗin waya?

Ɗan_Maraɗi ya rubuta:

A'a, kada ma ka gwada. Sirantar da ta sa take yanka ita ce rauninta, ka sa tsinin ka lanƙwasa zai karye ko ƙusar ta yi sako-sako cikin katakon. Yanka kawai.

Injiniya_Kakuri ya rubuta:

To kaga amsar da Ɗan Maraɗi ya baka ta ƙarshen nan, a nan maganar take gaba ɗaya. Duk abinda ya faɗa akan Opinel gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, ina da ita a gida, amma malam kai da bakinka kace kwana biyar kana kan wayarin kwana biyu kana gona, to me yasa zaka zaɓi wuƙar kwana biyu ka bar ta kwana biyar?

Ni gyaran janareto da injin niƙa nake yi a Kaduna kuma Tinker ce a aljihuna kullum, bari in gaya maka abinda zaka samu a jikinta kai da kanka ka lissafa sau nawa zaka taɓa kowanne a rana. Akwai wuƙa babba da ƙarama, ni babbar na barta da tsafta don abinci da igiya, ƙaramar kuma ita ke shan wahalar kwali da tef da kankare datti, kaga ko ƙaramar ta dakushe babbar tana nan da kaifinta. Akwai mabuɗin kwalba wanda bakinsa sukundireba ne mai faɗi, mai kauri ne kuma shine abin ɓanɓare marfin fenti da akwatin fis ɗin da kake tambaya, a gindinsa akwai wata 'yar tsaga ta zare robar waya, ka zagaye wayar da ƙaramar wuƙa a hankali ka sa a tsagar ka ja shikenan. Mabuɗin gwangwani shima bakinsa ƙaramin sukundireba ne yana shiga ƙananan sukurun soket. A baya akwai sukundireba sita, wato mai bakin kuros, da basilla mai ƙofa, basillar nan mutane suna raina ta amma da ita nake huda bel, in fara ramin sukuru a katako, har ɗinkin takalmi na gaggawa ana yi da ita. Sai matsefata da tsinken sakace a cikin marfin. Matsefatar nan ranar da silin waya ya shige maka yatsa ko ƙaya a gona zaka san darajarta. Duk wannan a tsawon milimita 91, nauyi giram sittin da 'yan kai.

Kuma ka yi daidai da ka zaɓi Tinker ba Spartan ba, don kusan abu ɗaya ne, bambancin kawai Spartan a bayanta abin cire toshiyar kwalbar giya ne a wurin da Tinker ke da sita, mu kuwa me zamu yi da shi. Ka jaddada wa yayanka sunan don a shagunan Turai Spartan ɗin ce tafi yawa kada ya ga ja ya ɗauko kawai.

Zan gaya maka inda take da rauni don kada kace ban faɗa ba. Sitan da ke baya a tsakiya yake buɗewa, ƙotar ta zama a gicciye, yana bada ƙarfin murɗawa sosai amma baya shiga lungu, in sukurun yana cikin rami ko kusa da bango ba zai kai ba. Ƙarfen wuƙar kuma bai da tauri can can, kwali yana cinye kaifinsa da wuri, sai dai minti biyu ka dawo da shi. Ƙura da yashin hunturu suna shiga tsakanin sifirin ɗin ta fara ƙara, sai ka buɗe komai ka wanke da ruwan ɗumi ka shanya ka ɗiga man keken ɗinki, ita ruwa baya mata komai. Sannan babba a cikinsu, tunda harkar wuta kake, ba abin taɓa waya mai wuta bane ko kaɗan, cikinta duk ƙarfe ne robar nan ta waje ado ce kawai, kuma ka kiyaye ta kusa da kawunan batir don in ta haɗa su biyu kai ka fi ni sanin abinda zai faru. Testa da fulaya mai roba suna nan a matsayinsu.

Batun rashin kullewa da ke baka tsoro, wuƙa irin wannan tana ninkewa ne in ka soka tsininta cikin abu mai tauri kana dannawa, ko ka matsa bayanta. In yanka kake yi ƙarfin yana tura ta wajen buɗewa ne ba wajen rufewa ba. Duk abinda ke son huda ka bar wa basilla. Sifirin ɗinsu yana da ƙarfi kuma baya saki ko an shekara ana amfani, kamfanin tun 1884 suke wannan aikin a garin Ibach na Suwizalan, tun 1891 suke yi wa sojan ƙasarsu wuƙa, sun san abinda suke yi.

In kuma kana ganin akwai sarari a kuɗin, akwai wata tasu da ake kira Electrician mai marfin alminiyam, ƙaramar wuƙarta an yi ta ne musamman don feren waya kuma tafi Tinker ƙwari, sai dai babu sita babu matsefata kuma tafi tsada. Don gona kuma akwai Hiker, wato Tinker ce aka ƙara mata zarto. Amma ni dai Tinker ɗin nan ta isa, kowane abu aka ƙara kauri ne a aljihu.

Hajiya_Maman_Biyu ta rubuta:

Sallama. Ni ba ma'aikaciyar wuta bace amma bari in sa baki ta ɓangaren abinci tunda kace ana yanka albasa a gona. Maigidana yana da jar nan, ni kuma ina da Opinel a jakar tafiya. Duk ranar da aka yanka nama ko mangwaro da tasa sai maiƙo da ruwan su shige can cikin lungunan, wanke ta aiki ne, in ba a wanke da kyau ba tana wari. Kuma ɗan'uwa wuƙar da ta yini cikin tef da gam da ruwan batir ni bazan so a yanka min kankana da ita ba ko an goge. Tawa goge ɗaya ce da tsumma ta fita. Kankana ma ita jar bata ratsa ta, gajeruwa ce sai dai a yi ta zagaye.

Bakano_a_Ingila ya rubuta:

Kowa yayi maganar yanka, ni bari in ɗauki tambayarka ta uku don a ganina ita ce ya kamata ta yanke hukunci.

A nan Ingila doka a fili take. Wuƙar da aka yarda ka yawata da ita ba tare da ka kawo dalili ba ita ce mai ninkewa wadda bata kulluwa kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba, wajen santimita 7.6 kenan. Tinker ta shiga ciki. Opinel lamba 8 ta faɗi ta fuska biyu, ta wuce tsawon kuma tana kulluwa, ko lamba 6 da ruwanta santimita 7 ne zoben nan ya fitar da ita, sai dai lamba 5 zuwa ƙasa don su basu da zobe. In aka kama ka da mai kulluwa babu ƙwaƙƙwaran dalili irin na aiki hukuncin yana iya kaiwa shekara 4 a gidan yari. Na kawo wannan ne don kaga yadda hukuma ke kallon abin a nan, tsawo da kullewa sune ke maida wuƙa makami a idonsu, wato abubuwan nan biyu da suka sa Opinel ta burge ka sune zasu sa wani ya zarge ka.

A gida kuwa abin ya fi dogara da wanda ya tare ka da lokacin da ya tare ka. Ka kwatanta da kanka, ƙarfe goma na dare kana dawowa daga aiki akan babur, 'yan sintiri suka ce fito da abinda ke aljihunka. Ka fito da jar aba mai sukundireba da mabuɗin kwalba, kowa ya santa, bayaninta gajere ne, ni mai wayarin ne ga kayan aikina. Ka fito da mai ƙotar katako ka buɗe ta kai kusan santimita 20 da tsini, ko kai waliyyi ne sai ka yi dogon bayani, kuma a irin halin da ake ciki na faɗan daba ba kowa zai tsaya ya saurare ka ba. Ba laifin wuƙar bane, manoma aka yi wa ita, amma wanda ya tare ka bai san wannan tarihin ba.

Ko wacce ka ɗauka, shawarata in dare yayi ta koma cikin jakar kayan aiki tare da fulaya da mita maimakon aljihun wando, ka riƙe katin shaidar sana'arka, kuma kada ka shiga da ita banki ko kotu ko filin wasa ko wajen taron siyasa. Kuma kada ka taɓa sa wa ranka cewa ta kare kai ce, ranar da ka fito da ita a rigima ka ƙara wa kanka masifa ne.

Sannan ka tuna wa yayanka ya saka ta a babbar jakar da ake aunawa, in ya manta ta a jakar hannu akwai yiwuwar a karɓe ta a filin jirgi tun kafin ya baro can. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsaurara wannan, abin da ya taɓa cinikin masu wuƙar Suwizalan ɗin sosai har Victorinox ta sayi abokiyar gasarta Wenger a 2005.

Sarkin_Fawa_Ƙarami ya rubuta:

Ni mahauci ne, wuƙa ita ce abincina, magana biyu zan yi.

Ta farko, naga babu wanda ya faɗa kuma nasan Sallah na zuwa wani zai gwada, duk biyun ba na yankan dabba bane. Kaza in ta kama dole Opinel mai kaifi da zobe a kulle zata yi, amma rago ko akuya a'a, ruwan yayi gajere zaka wahalar da dabba, kuma Manzon Allah (SAW) cewa yayi in za a yanka a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Je ka Kasuwar Kurmi ko wajen maƙeran garinku a buga maka wuƙar yanka mai kube ka ajiye ta don wannan aikin kaɗai. Fiɗa ma Opinel tsininta yayi yawa tana huda fata, jar kuwa jini da kitse zasu cika ta.

Ta biyu wasawa. Dan Allah kada ka miƙa wa mai injin wasa na kasuwa ko ka kai ta gurin garaya ta walda, ruwan nan siriri ne, dutsen injin zai cinye rabinsa a minti ɗaya kuma zafin yana kashe ƙarfen, in kaga bakin yayi shuɗi to ya mutu ba zai sake riƙe kaifi ba. Samu dutsen wasa mai laushi ka ɗiga ruwa, ka kwantar da ruwan wuƙar ka ɗan ɗaga bayanta kaɗan, ka dinga ja kamar zaka yanki ɓawon dutsen, gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen da yatsa kaji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso a bakin, sannan ka juya. In ka gama ka goga ta a bayan tsohon bel na fata, ja da baya ba gaba ba. In kana wajen aiki babu dutse, kifa kofin tangaran, zagayen gindinsa da ba a shafe ba yana wasa ƙaramar wuƙa tas. Kuma kada ka jira sai ta dakushe gaba ɗaya, kaɗan kaɗan kullum yafi. Dakusasshiyar wuƙa ita ke yanke mutum don ita ake dannawa da ƙarfi har ta zame.

Zaɓi kuwa ni Opinel Carbone zan ɗauka don naga yadda take karɓar dutse, amma ni ba na kwance sukuru.

Mai_Sola_Kano ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, kowa ya bani abinda zan riƙe. Nayi magana da yayana ɗazu nace masa Tinker, kuma na tura masa hoton bayanta don kada a bashi mai abin kwalba. Maganar Injiniya ta kwana biyar da kwana biyu da maganar sintirin dare sune suka kayar da ni. Amma maganar Hajiya ma ta zauna min, don haka nace masa in zai yiwu ya ƙara Opinel Inox ni zan tura masa kuɗinta da kaina tunda yace a can bata kai kuɗin Tinker ba, sai in barta can gona a ɗakin mai gadi ba sai na dinga ratsa gari da ita ba.

Tambaya ɗaya ta rage, wani abokin aikina yaga hoton yace shi yaga irin jar nan a kasuwa da arha sosai yana so ya saya, ya ake gane ta gaskiya da jabu?

Injiniya_Kakuri ya rubuta:

Jabun sun fi na gaskiyar yawa, ja da farin kuros kowa yana iya bugawa. Ya buɗe babbar wuƙar ya duba gindinta wajen da take juyawa, ta gaskiya an buga Victorinox da Swiss Made a cikin ƙarfen, tsofaffin kuma Victorinox Switzerland Stainless Rostfrei, rubutun a tsaye yake sarai ba a karkace ba. Sannan ya buɗe kowane abu ɗaya bayan ɗaya, na gaskiya kowanne yana buɗewa sumul ya zauna da ƙara ƙas, in ya girgiza shi gefe da gefe baya motsi, kuma babu wanda ke gogar ɗan'uwansa wajen rufewa. Jabu zaka ga wani yayi tauri har ya karya farce wani kuma yana lilo, bakin sukundireban yana murɗewa a sukuru na farko, mabuɗin gwangwanin kuma ba kaifi. In kuɗin da aka gaya masa bai fi na kwanon abinci biyu ba to kada ma ya wahalar da kansa da dubawa. Ka bari taka ta iso ku je kasuwar tare ya riƙa su biyun a hannu.